Maigidana yana aiki da radiyeshin, abokin aikinsa ya kamu da sankarar jini

Assalamu alaikum. Shekara 12 ke nan maigidana yana aiki a wani kamfani da ke duba ingancin walda a jikin bututu da tankuna, inda suke amfani da wata na'ura mai fitar da radiyeshin domin ɗaukar hoton cikin ƙarfe. Watannin baya aka tabbatar wa wani abokin aikinsa, wanda suka fara aiki tare, cewa yana da sankarar jini, kuma tun daga ranar barci ya ƙaurace wa idona. Na roƙe shi ya ajiye aikin, ya ce ba shi da wata sana'a da ya ƙware a kanta kamar wannan. Abin da ya ƙara tayar mini da hankali shi ne na sha ganin ɗan bajon da ake ba su domin auna radiyeshin ajiye a gida alhali yana wurin aiki. Da na tambaye shi, sai ya ce idan bajon ya nuna adadi mai yawa za a dakatar da shi daga fita aiki, ya rasa kuɗin ƙarin lokaci, kuma kowa haka yake yi. Yana shan taba, ni ce kuma nake wanke kayan aikinsa. 'Ya'yanmu biyu, ina da ciki wata huɗu. Shin yana kawo mana radiyeshin gida? Abin da ke cikina zai sami matsala? Mahaifiyata ta ce in tsaya kai da fata sai ya bar aikin, shi kuwa ya daina yi mini maganar aiki gaba ɗaya. Ina mafita?

Daga wata 'yar'uwa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba abokin aikin maigidanki lafiya, ke kuma ya sauke ki lafiya. Tsoronki ba na banza ba ne, domin radiyeshin irin wanda maigidanki yake aiki da shi yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji. Sai dai wasiƙarki ta haɗa damuwa iri-iri wuri guda, wasu za ki iya ajiye su tun yau, wasu kuma sun fi yadda kike zato nauyi, kuma gara mu rarrabe su kafin a yanke hukunci a kan aikin.

Maigidanki ba ya kawo muku radiyeshin gida. Abin da ke cikin irin na'urarsu ɗan ƙaramin sinadari ne, galibi iridiyam-192 ko kobalt-60, a rufe ruf cikin kwanson ƙarfe, kuma abin da ke fita daga cikinsa haske ne marar ganuwa wanda ke ratsa ƙarfe da jiki ya wuce. Hasken yana iya yin ɓarna a lokacin da yake ratsawa, amma ba ya zama a jikin mutum ko a tufafinsa, kamar yadda wanda ya wuni a rana ba ya shigowa ɗaki ya haskaka shi. Saboda haka ki zauna kusa da shi, yara su hau jikinsa, babu abin da zai taso daga gare shi ya same ku. Ɗan tayi yana shiga haɗari ne idan uwar da kanta ta tsaya inda hasken yake, ke kuwa ba a wurin kike ba. Game da abin da uba zai iya gadar wa ɗansa, an shafe shekaru da dama ana bin lafiyar 'ya'yan waɗanda suka tsira daga bama-baman nukiliyar da aka jefa a Hiroshima da Nagasaki a 1945, kuma ba a ga ƙaruwar cututtukan gado a cikinsu ba. A 2021 ma an wallafa binciken da aka yi a kan yara 130 waɗanda iyayensu suka sha radiyeshin a haɗarin tashar nukiliya ta Chernobil na 1986, akasarinsu ma'aikatan share wurin, ba a sami ƙarin sauyi a ƙwayoyin gadonsu ba. Ki ci gaba da zuwa awo kamar kowace mai ciki, ki faɗa wa ma'aikaciyar awon damuwarki idan hakan zai sanyaya miki zuciya.

Shi kansa maigidan shi ne abin dubawa. Radiyeshin yana yin ɓarna ne ta hanyar karya zaren gado da ke cikin ƙwayoyin jiki. Jiki yana gyara mafi yawan wannan ɓarna, amma wani lokaci gyaran yakan zo da kuskure, ƙwayar ta ci gaba da rayuwa da lahani, bayan shekaru ta soma hayayyafa ba tsayawa. Haɗarin yana tafiya ne da yawan abin da jiki ya sha a tsawon rayuwa, kuma ana auna wannan da ma'aunin da ake kira milisibat. Kowane ɗan Adam yana shan kimanin milisibat 2.4 a shekara daga ƙasa da duwatsu da iska da sararin samaniya ko da bai taɓa shiga masana'anta ba, hoton ƙirji guda a asibiti kuma bai wuce kimanin 0.1 ba. Ga ma'aikata irin maigidanki, ƙa'idar da hukumomin duniya suka shimfiɗa ita ce kada a wuce milisibat 20 a shekara idan aka ɗauki matsakaicin shekara biyar, kuma kada a haura 50 a kowace shekara guda.

Ba da ka aka tsara waɗannan alkaluma ba. Tun 1950 ake bin rayuwar mutum kusan 120,000 a Japan, akasarinsu waɗanda suka tsira daga bama-baman nan na Hiroshima da Nagasaki, kuma a cikinsu aka ga cewa sankarar jini ce ke fara bayyana, shekara biyu zuwa 'yan shekaru bayan shan radiyeshin, sauran nau'o'in ciwon daji kuwa sukan jira shekara goma ko fiye. Wani babban bincike mai suna INWORKS ya bi ma'aikatan nukiliya sama da 300,000 a Faransa da Birtaniya da Amurka, ya nuna cewa ko ƙananan adadi da ke taruwa a hankali suna ƙara haɗarin, gwargwadon yawansu. Ƙiyasin da masana ke aiki da shi shi ne, kowane milisibat 1,000 yana ƙara haɗarin mutuwa da ciwon daji da kimanin kashi 4 zuwa 5 cikin 100. Idan muka ɗauka maigidanki ya kai iyakar nan ta 20 a kowace shekara cikin shekarunsa 12, jimillar ta zama 240, ƙarin haɗarin kuma ya kai kusan ɗaya cikin ɗari. Ki ajiye wannan kusa da cewa kimanin mutum ɗaya cikin biyar a duniya yana kamuwa da ciwon daji a rayuwarsa, ko da wace sana'a yake yi. Ɗaya cikin ɗari ba abin rainawa ba ne, amma kuma ba hukuncin kisa ba ne, kuma mafi yawan ma'aikatan da ake auna su yadda ya kamata suna ƙasa da iyakar nan nesa ba kusa ba.

Wannan lissafin yana da amfani ne kawai idan an san adadin, kuma a nan ne wasiƙarki ta fi tayar mini da hankali. Bajon da kike gani a gida ba ya kare kowa, aikinsa ya rubuta abin da jiki ya sha. Duk ranar da aka bar shi a gida, babu wanda ya san ko maigidanki ya sha milisibat ɗaya ko hamsin, har shi kansa. Masu ɗaukar hoton walda suna cikin ma'aikatan da suka fi shan radiyeshin a fannin masana'antu, domin sukan yi aiki a fili, sau da yawa da dare, cikin gaggawa, nesa da idon mai sa ido. Kuma a sana'arsu haɗarin bai tsaya ga taruwa a hankali ba. Sinadarin yakan maƙale a waje ya ƙi komawa cikin gidansa na kariya, ko ya tsinke ya faɗi, ma'aikaci ya matso kusa yana zaton an rufe. A 1999, a wurin aikin wata tashar lantarki da ke Yanango a ƙasar Peru, wani mai walda ya tsinci irin wannan sinadarin na iridiyam da ya faɗo, bai san ko mene ne ba, ya sa shi a aljihun wandonsa na wasu sa'o'i, daga ƙarshe sai da aka yanke masa ƙafa. A irin waɗannan haɗurra abin da aka fi samu shi ne ba a duba wurin da mitar hannu, wato na'urar da ake riƙewa a auna radiyeshin da ke wuri, ba bayan an gama ɗaukar hoto. Abin da nake tsoro shi ne, wurin aikin da aka mayar da ajiye bajo al'ada, da wuya a ce ana kula da mitar hannu da na'urar ƙararrawa da ake ratayawa a jiki.

Akwai kuma wata hasarar da wataƙila bai lura da ita ba. Ƙa'idar Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta tanadi a adana bayanan abin da kowane ma'aikaci ya sha har ya kai shekara 75, kuma aƙalla shekara 30 bayan ya bar aikin. Wannan takarda ita ce hujjarsa idan wata rana, Allah ya kiyaye, ya yi rashin lafiya yana neman diyya. Wanda ya ɓoye bajonsa ya rubuta wa kamfani shaida da hannunsa cewa bai sha komai ba. Ki faɗa masa wannan, domin mutumin da ke tunanin kuɗin ƙarin lokaci saboda iyalinsa zai ji wannan hujjar fiye da kuka.

Kada kuma ki ɗauki shirunsa a matsayin rashin damuwa. Mutumin da suka fara aiki tare yana kwance, kuma shi ya fi ki sanin dararen da suka yi tare a gefen na'urar. Ina kyautata zaton tsoron da ke hana ki barci shi ma yana tare da shi, sai dai duk lokacin da ya buɗe baki a kan aiki abin da yake ji shi ne ya ajiye sana'ar da ya shekara 12 yana ginawa, ga yara biyu, ga na uku a hanya. Mahaifiyarki ƙauna ce ta sa ta faɗi abin da ta faɗa, amma shawararta ta bar muku zaɓi biyu kacal, ko ya bari ko a ci gaba da rigima, kuma kin ga inda hakan ya kai ku. Ki sami lokacin da hankalinsa yake kwance, ki fara da gaya masa cewa kin janye maganar ajiye aiki a yanzu, ki tambaye shi yadda abokinsa yake da yadda shi yake ji. Bayan haka ki nemi abu guda: ya riƙa ɗaura bajonsa kullum, ya karɓo sakamakon awonsa na duk shekarun baya, ku duba tare. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma yana da kyau ya ji hakan daga bakinki. Mahaifiyarki kuma ki yi mata bayani cikin ladabi cewa kun ɗauki mataki, ki roƙe ta ta ba ku lokaci da addu'a.

Kamfanin ma yana da nasa kason, kuma a ganina shi ne mafi girma. Idan da gaske kowa yana ɓoye bajo, to tsarin biyan kuɗin ne ya sa gaskiya ta zama hasara ga ma'aikaci, kuma da wuya a ce shugabanni ba su lura cewa awon mutanensu yana fitowa fari fat wata bayan wata ba. Adadi mai yawa a bajo alama ce ta cewa akwai gyara a yadda ake aikin, kuma gyaran sananne ne: a rage lokacin tsayuwa kusa, a ƙara nisa, a sa kariya tsakani. Nisa kaɗai yana yin aiki mai yawa, domin wanda ya ninka tazararsa sau biyu ya rage abin da yake sha zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Kare ma'aikaci daga radiyeshin nauyi ne da ke kan mai ba da aiki, kuma Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa shi cikin yarjejeniya tun 1960. Kamfanin da ke riƙe da irin wannan sinadarin da lasisi yake aiki, yana da jami'in kariya daga radiyeshin, akwai kuma hukumar da ke sa masa ido. Maigidanki kada ya je shi kaɗai. Su haɗu su uku ko huɗu, ko su bi ta ƙungiyar ma'aikata, su nemi a rubuce cewa wanda aka janye daga fili saboda awonsa za a ba shi wani aikin ba tare da an taɓa albashinsa ba. Rashin lafiyar abokinsu ta buɗe ƙofar wannan magana a yanzu fiye da kowane lokaci.

Game da abokin nasa, babu gwajin da zai nuna cewa radiyeshin ne ya jawo sankarar wani mutum guda, domin cutar ba ta zuwa da tambarin abin da ya haddasa ta. Tana iya zama daga aikin, tana iya zama daga benzin, wani sinadari da ke cikin man fetur da wasu ruwayen wanke ƙarfe wanda aka daɗe da sanin yana lalata ɓargo, tana kuma iya zuwa ba tare da wani dalili na aiki ba, kamar yadda take samun mutanen da ba su taɓa kusantar masana'anta ba. Cutarsa ba ta nufin maigidanki yana kan layi. Amma ya kamata likitansa ya san irin aikin da yake yi, kuma idan aka sake samun wani a wurin da irin cutar, lallai a sanar da hukumar da ke sa ido.

Kayan aikin da kike wankewa kuwa, ba radiyeshin ne abin tsoro a jikinsu ba, ƙura ce. Wanda ke duba walda yana yini ne inda ake walda, ana goge ƙarfe, ana fasa tsofaffin bututu, injuna suna hayaƙi. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke birnin Liyon a Faransa ta sa hayaƙin injin dizal cikin abubuwan da tabbas suke jawo ciwon daji a 2012, ta sa hayaƙin walda a 2017, ƙurar yashi da duwatsu kuma ta riga su shiga. Mafi muni ga iyali shi ne asbestos, wanda aka daɗe ana naɗe bututu da tukwanen tururi da shi domin riƙe zafi. Zarensa yana maƙalewa a tufafi, kuma an sha samun matan ma'aikata da ciwon dajin fatar da ke lulluɓe huhu bayan shekara 20 zuwa 50, alhali abin da ya haɗa su da masana'anta wanki ne kawai. Ki tambaye shi ko ana taɓa tsohon rufin bututu a inda suke aiki. Abin da ya dace shi ne ya canza kaya ya yi wanka a wurin aiki, kamfani ya wanke kayan. Idan hakan bai samu ba tukuna, ya zo da su ƙulle a leda, kada a kakkaɓe su, a jiƙa su kafin a taɓa, a wanke su daban da na yara, takalman aiki kuma su tsaya a waje. Takunkumin tsumma ko irin na asibiti ba ya tare hayaƙin walda, sai wanda aka yi domin haka mai tace iska, wanda ya zauna daram a fuska. Mai gemu yana bukatar irin mai rufe kai gaba ɗaya da ke hura iska, domin gashi yana hana na fuska kamawa.

Sai maganar taba, wadda kika ambata a gajarce. Idan aka jera duk abubuwan da ke cikin wasiƙarki bisa girman haɗarinsu ga ransa, mai yiwuwa ita ce za ta zo farko, domin tana da hannu a kimanin kashi 85 cikin 100 na ciwon dajin huhu, kuma idan ta haɗu da asbestos haɗarin yana ruɓanyawa ne, ya zarce jimillar na kowannensu. Wanda ya daina, bayan shekara 10 haɗarinsa na ciwon dajin huhu yakan sauka zuwa kusan rabin na mai ci gaba da sha. Hayaƙinta kuma, saɓanin radiyeshin ɗin aikinsa, yana isa gare ki da abin da ke cikinki idan yana sha a gida. Kada ki haɗa wannan da maganar bajo a zama ɗaya, kada ya ji an yi masa taron dangi. Ki bar likita ya buɗe masa ita, domin akwai magunguna da hanyoyin taimako da suka fi dogaro da ƙarfin hali kaɗai.

Ya je ya ga likita, wanda ya san cututtukan wurin aiki idan da hali, ya faɗi gaskiya duka, har da watannin da bai ɗaura bajo ba da duk wata rana da na'ura ta taɓa maƙalewa. Za a iya yi masa gwajin ƙidayar ƙwayoyin jini, wanda zai nuna halin da ɓargonsa yake ciki yau, ko da yake ba ya faɗin abin da zai faru gobe. Idan akwai zargin ya taɓa shan adadi mai yawa lokaci guda, akwai gwaji na musamman da ke duba lahanin da radiyeshin ya bari a ƙwayoyin jini ya ƙiyasta adadin. Kada tsoro ya sa ku nemi hoton sikanin na dukkan jiki ba tare da likita ya ga dalili ba, domin hoton CT na ciki guda ɗaya yana iya kai milisibat 10, rabin iyakar shekararsa ke nan. Alamomin da ba a jira da su sun haɗa da gajiya marar dalili da ta ƙi wucewa, zazzaɓi mai yawan dawowa, zubar jini daga dasashi ko hanci, tabon taruwar jini a fata ba tare da bugu ba, rama, gumin dare, kumburi a wuya ko hammata, tari da ya wuce mako uku, da jini a majina ko fitsari. Yawancin lokaci wani abu ne daban mai sauƙi, amma likita ne zai faɗi haka. Amai ko tashin zuciya 'yan sa'o'i bayan aiki, ko ja da ƙuna a yatsu da suka bayyana bayan kwanaki ba tare da ya taɓa wuta ba, wannan na gaggawa ne, a ranar za a tafi asibiti a kuma sanar da jami'in kariya.

Barin aikin yana nan a matsayin zaɓi, kuma akwai hanyar da ba sai ya zubar da ƙwarewarsa ba. Ana duba walda da sauti mai ratsa ƙarfe, ana dubawa da maganaɗisu, ana dubawa da ruwan launi mai shiga tsaga, duk babu radiyeshin a cikinsu, kuma wanda ya shekara 12 yana karanta lahanin walda ya riga ya yi rabin tafiya. Zai iya neman takardar shaidar ɗaya daga cikinsu yana kan aikinsa, ko ya nemi komawa ɓangaren fassara hotuna, ko ya yi horon zama jami'in kariya. Ku sa wa kanku wa'adi, misali zuwa lokacin haihuwarki, ku ga abin da bajon ya nuna bayan an ɗaura shi da gaskiya da kuma amsar da kamfani ya bayar. Idan awon ya fito ƙasa kuma an gyara tsarin, aikin ya zama wanda za a iya zama da shi. Idan kuwa kamfani ya hana shi ganin sakamakonsa, ko babu mitar hannu mai aiki, ko aka tsangwami waɗanda suka yi magana, to a lokacin ki koma ga maganar mahaifiyarki da hujja a hannunki, shi kuma ya karɓi kwafin bayanan awonsa kafin ya miƙa takardar ajiye aiki, ya kai rahoton abin da ya gani ga hukumar da ta ba kamfanin lasisi.